Jinin Babanku da Rantsuwar Baffa Babikir

A wajen bikin jikata, 'yar Sani, na ji wata tsohuwa daga dangin babanku tana nuna ni da leɓe, tana gaya wa wata baƙuwa cewa ga matar da ta raba wa da ƙane a kan loma. Ban tanka mata ba, don ta girme ni, kuma biki ake yi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ku ukun da kuke zaune kusa da ita, babu wanda ya buɗe baki, sai ɗan murmushi kuka yi kamar an faɗi abin da kowa ya sani. Na yi shekaru ina haɗiye maganar nan saboda babanku ba ya son a tayar da ita. Yanzu ba ya nan, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni labari, don haka zan rubuta muku yadda abin ya faru. Wanda ya ga dama ya ci gaba da murmushinsa bayan ya karanta.

Gidan da aka kai ni amarya a Alsawra, can arewacin Omdurman, gidan mutum biyu ne, babanku Usman da wansa, Baffa Babikir. Tsakar gida ɗaya, tukunya ɗaya, siniya ɗaya, wato babban tiren da ake haɗuwa a ci abinci a kai. Ni da matar Baffa, Yaya Nafisa, muna girki karɓa-karɓa, maza kuma su ci a ƙofar gida bayan la'asar, a kan tabarma, duk wanda ya zo wucewa a kira shi ya sa hannu. Baffa mai agashe ne a kasuwar Suk al-Arabi, tsiren nan da mutanenmu suka zo da shi ƙasar nan har Larabawa suka fi mu sonsa. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya a ƙofar gida ana jin sa a layi na gaba. Babanku kuwa makaniki ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gareji, siriri, in ya sa jallabiya sai ka ce a ƙusa aka rataye ta. Kullum da safe in Baffa ya gyara naman sana'arsa, kitsen da ya yanke da wutsiyar rago da hanta da ƙoda, gida yake aikowa da su. A shekarun nan na farkon mulkin soja, da mutane ke sammako zuwa layin burodi, sukari kuma sai da kati, mu gidanmu ƙanshin nama ba ya yankewa. Maƙwabta suna cewa mun ji daɗi, ni ma a lokacin haka nake gani.

Sai kun san abin da ke tsakanin mutanen nan biyu kafin ku gane sauran. Mahaifinsu leburan auduga ne a Jazira, a kambo suke zaune, 'yan bukkokin nan da ake ajiye ma'aikatan gona a bayan gari. Wata rana yana cikin tsinkar auduga ya dafe ƙirji ya faɗi, kafin a kawo ruwa ya cika, bai kai hamsin ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Baffa yana saurayi a lokacin, babanku kuwa ko haƙoran yarinta bai gama zubarwa ba. Sun sha yunwa irin wadda ba na son rubutawa. Baffa ya taɓa gaya mini da bakinsa cewa ya kama ƙanensa yana lasar murfin tukunyar maƙwabta, a ranar ya yi wa kansa alkawari yaron nan ba zai ƙara kwana da yunwa ba muddin yana numfashi. Shi ya sa a kan siniya, duk tsokar da ta fi maiƙo Baffa zai tura ta gaban babanku da yatsa, ya tsaya yana kallo sai ya ga an haɗiye. Mutum da 'ya'yansa uku, gemunsa ya fara furfura, amma ana tura masa loma kamar ɗan yaye. Babanku kuma bai taɓa ce wa wansa a'a ba, ko a kan mene ne.

A layin mai abin ya fara, shekarar da Sani ya shiga makaranta, Maryam tana goye. A lokacin, da hannu ake tura mota a layi, don ba mai son ƙona ɗan abin da ya rage a tanki. Babanku yana taya maigidansa tura mota sai ya saki, ya zauna a ƙasa yana zufa, ya ce kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Bai gaya mini ba. Matar abokin aikinsa ce ta shigo yi mini sannu da jikin maigida, ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu ban san an yi ba. Da ya dawo na tare shi tun kafin ya cire takalmi.

"Malam, me ya same ka a layin mai?"

"Rana ce. Wa ya gaya miki?"

"Ranar ce ta sa ka dafe ƙirji?"

"Halima, halas, ya isa haka. Na sha ruwa ya wuce."

Bai wuce ba. Na fara lura da shi, in ya ɗauki jarkar ruwa daga ƙofa zuwa madafi sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba wani abu a ƙasa. Na yi masa mita safe da yamma har ya gaji da muryata, ya yarda muka je wurin wata daktora a wani ƙaramin asibiti kusa da kasuwar Omdurman, mace mai gilashi wadda ba ta da lokacin wasa. Ta saurari ƙirjinsa, sannan ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen taga. Kun san 'yan tabon nan masu ruwan ƙwai da ke fatar idon babanku. A danginsu alfahari ake yi da su, ana cewa tambarin gida ne.

"Tun yaushe kake da wannan?" ta tambaye shi da Larabci.

"Gado ne, ya daktora. Babanmu ma yana da shi."

"Yana raye?"

"Ya rasu."

"Me ya kashe shi?"

Babanku ya ɗaga kai yana kallon silin. Ni na ba ta labarin gonar auduga. Ta ce ya dawo washegari da safe ba tare da ya ci komai ba tun daga daren, a ɗebi jininsa a auna kitsen da ke ciki. Na bi shi har ɗakin gwajin, don na san in na bar shi shi kaɗai zai tsaya a hanya ya ci ful, dafaffen waken nan na karin kumallo, ya ce ya manta. Na zura ido a kan 'yar kwalbar da aka zuba jinin, ina tsammanin in ga mai yana yawo a sama kamar a miya. Ja ne kawai irin na kowa, har na ɗan ji sanyi a raina.

Sanyin bai daɗe ba. Da sakamako ya fito, daktora ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali, don ta ga ni ce mai sauraro. Ta ce kitsen da ke yawo a jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ta kira mugun kolastirol, shi ne ke manne wa bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, yana taruwa kaɗan-kaɗan yadda laka ke cushe bututun ruwa. Akwai nagari, wanda ke kwashe wancan yana fita da shi. Akwai kuma na uku, mai hawa da sauka gwargwadon abin da mutum ya ci. Ta ce ba guda ɗaya ake dubawa a yanke hukunci ba, ana gwada su ne da juna, a haɗa da shekarun mutum da sigarin da yake sha da yadda iyayensa suka mutu, daga nan a gane ko ya kama hanyar ciwon zuciya tun kafin ya faɗi. Na babanku, mugun ya wuce iyaka nesa ba kusa ba, nagarin kuma ya yi ƙasa.

"Amma daktora, dube shi fa," na ce. "Ina kitsen yake?"

"Ba a jikinsa yake ba, a jininsa yake. Irin wannan gadonsa ake yi, hantarsa ce ba ta iya kwashe shi yadda ya kamata. Akwai magani, amma a kwanakin nan samunsa sai an dace. Abinci kaɗai ba zai warkar da shi ba, sai dai shi ne abin da ke hannunki. Sigari ya daina yau. Kitse, man shanu, kayan ciki, ƙwaƙwalwa, ki janye su daga gabansa."

"In ban janye ba fa?"

Ta cire gilashinta ta dube ni.

"Kin ce babansa bai kai hamsin ba. Shi kuma yanzu shekararsa nawa?"

Sigari bai ba ni wahala ba, a bakin asibitin ya miƙa wa wani mai kura ragowar kwalinsa. Wahalar tana ƙofar gida. Washegari na ɗora 'yar tukunya daban, na dafa adas, ƙananan waken nan, da ganye da ɗan kifin kogi gasasshe, da kisra, 'yar siririyar gurasar dawa, ba man shanu, na zuba a kwano na aika aka ajiye gefen siniya, daidai gwiwar babanku. Na tsaya bayan ƙofa ina saurare.

"Wannan kuma na wa?" in ji Baffa. "Akwai mara lafiya a gidan nan ban sani ba?"

"Yaya, daktora ce ta ce kitse ya yi mini yawa."

Sai dariya ta fashe.

"Kai? Kitse? Ya jama'a, ku zo ku ji! Usman, ɗaga rigarka su ga kitsen. Haƙarƙarinka fa daga nan nake ƙirga su!"

Na kasa haƙuri, na leƙo na yi sallama, na maimaita masa abin da daktora ta ce, mugu da nagari da komai. Ya saurare ni yana tauna, yana gyaɗa kai irin yadda ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki. Da na gama ya ce to, madalla, shi ma zai je a auna shi, in na'urar nan ta ga kitse a jikin Usman, shi in ta gan shi sai ta kama da wuta. Na yi murna, wallahi. Na ɗauka in aka nuna masa nasa zai tsorata, mu huta gaba ɗaya. Ya je, ya yi yunwarsa yana ƙorafi duk unguwa na ji, aka ɗebi jini. Sai ga sakamako ya fito, na Baffa kusan daidai yake. Daktora ta gaya masa ya rage jiki, ya riƙa duba hawan jini da sukari, amma wannan rabin maganar a asibitin ya baro shi. Ranar tun daga bakin layi muke jin muryarsa.

"Ni da nake wanka da kitse an ce jinina tas! Wannan da iska ke ɗauka an ce ya cika da mai! Ya zol, kai jama'a, ko jaki ya san na'urar nan ƙarya take yi."

"Yaya," na ce, "ai ta faɗa, gado ne. Wani ɗan ya ɗauka, wani bai ɗauka ba. Kai kana da tabon ido? Ba ka da shi."

"Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya muka sha. Ta ina jinin ya rabu, ya Daktora Halima?"

Daga ranar sunan ya bi ni. Na zama Daktora Halima a bakin yara da manya, har mai kawo ruwa. Mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya da shawara. Wannan ta ce tafarnuwa da sassafe, waccan ta ce zoɓorodo ba sukari, wata ta ce ai namiji in ya rame nama yake buƙata, ni na juya abin. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce in ji tsoron Allah, mutane suna mafarkin nama a ƙasar nan ni kuma ina hana mijina. Har an ce so nake ya yi laushi in riƙa juya shi. Juya wa? Mutumin da ko hularsa ba ya iya nemowa sai na tashi? Ba abin da ya fi ba ni haushi kamar yadda kowa yake kallon jikin babanku yana yanke hukunci, alhali abin yana can ciki inda ido ba ya kaiwa. Kwanon dai ya ci gaba da fita, babanku yana ci daga ciki, wani lokacin kuma in Baffa ya turo tsoka ya haɗiye ta da sauri yana waiwayar ƙofa. Haka muka yi ta lallaɓawa har Babbar Sallah.

A nan dole in faɗi wani hali na mazan ƙasar nan da mutanenmu suka ɗauka suka fi masu shi iyawa, wato rantsuwa da saki a kan abinci. Baƙo ya ce ya ƙoshi, maigida ya ce alayya attalaƙ sai ka ƙara, ma'ana in ba ka ƙara ba matarsa ta saku. Baƙo ba ya son ya kashe auren mutane, sai ya ƙara. Yawanci a nan abin yake tsayawa, a yi dariya a watse. Amma Baffa irin mutanen nan ne da in suka rantse har zuciyarsu suke nufi, kuma ya riga ya ƙona igiya biyu. Ta farko a kan wani baƙo daga Madani da ya ƙi kwana ya hau motarsa ya tafi, ta biyu a kan gardamar ƙwallo. Duka biyun an je wurin liman an mayar da aure. Yaya Nafisa, mace mai haƙuri da 'ya'yanta biyar, tana zaune a gidan nan a kan igiya ɗaya, kowa ya sani.

Ranar Sallah aka yanka rago, maƙwabta suka cika ƙofar gida, aka fito da ɗanyen kayan ciki da barkono yadda ake ci a nan, da soyayyen nama yana ninƙaya a mai. Ni kuma na aika da kwanona. Da na sani da na bar shi ya ci na ranar, Sallah ce, amma makon nan sau biyu ina ganin ya tsaya da jarka a tsakar gida. Baffa ya yanko wutsiyar ragon, wurin da ya fi kitse, ya tura gaban ƙanensa. Babanku, a karo na farko a rayuwarsa, ya ce:

"Ma'alesh, Yaya, ka yi haƙuri. Ka ba baƙi."

Wani maƙwabci ya yi dariya ya ce ashe daktora ta fi yaya ƙarfi a gidan nan. Shi ke nan. Na ji Baffa ya buga siniya da tafin hannu, kofuna suka yi ƙara.

"Alayya attalaƙ! Muddin kana kwana a gidan nan, abin da na ci shi za ka ci, a siniyata, da hannunka. Ranar da aka sake fito maka da kwano daban, Nafisa ta saku. Na faɗa, kuma da gaske nake!"

Ina tsaye a madafi tare da Yaya Nafisa. Tana riƙe da butar shayi, sai ta ajiye ta a hankali ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce:

"Halima, ki rufa mini asiri."

Na rufa mata. Na kife 'yar tukunyata a kan rufin madafi. In ranar girkina ce na rage mai, ita ma in ranarta ce tana ragewa, amma Baffa ya gane, ya koma ajiye kwalbar man shanu a gefensa yana kwarara wa siniya da hannunsa, yana cewa matan gidan nan sun manta girki. Babanku yana ci, ya shigo ɗaki ya kwanta ya juya mini baya don kada mu haɗa ido. Kafin damina ta wuce ya sake zama a ƙasa a gareji, wannan karon har aka kawo shi gida a mota. Muka koma wurin daktora, aka sake auna jinin, mugun ya ƙara hawa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta tambaye ni kawai ko na fahimci abin da ta gaya mini wancan karon. Na so in ce mata na fahimta, wanda bai fahimta ba yana Suk al-Arabi yana gasa nama, amma ina zan fara bayanin rantsuwa da igiya da murfin tukunyar maƙwabta? Na ce mata na fahimta.

Na je wurin limamin unguwa. Ya ce akwai malaman da suka ce irin wannan rantsuwa ba saki ba ce in mutum tsoratarwa kawai yake nufi, kaffara zai yi, kotu ma haka take bi. Amma Baffa ya faɗa a gaban shaidu cewa da gaske yake, kuma igiyar ƙarshe ce, shi ba zai ɗauki wannan nauyi a wuyansa ba. Ya tafi da kansa ya roƙi Baffa ya sassauta, Baffa ya ce magana ta riga ta fita, shi ba ya lashe abin da ya tofar. Yaya Nafisa kuma ta gaya mini ko kotu ta ce auren yana nan, ita ba za ta zauna da namiji cikin shakka ba, kuma unguwa ba za ta bar ta ta zauna ba. Na ga gaskiyarta. Liman ya ce abu ɗaya ya rage, rantsuwar ta rataya ne a kan zamansu gida ɗaya, in Usman ya tashi babu abin da zai faɗa kan kowa. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, don ya san abin da yake faɗa. A danginmu ƙane ba ya barin gidan wansa sai in an yi faɗan da ba a gyarawa.

Na sami babanku bayan sallar asuba yana ɗaure igiyar takalmi.

"Malam, zan nemi ɗaki."

"Ɗakin me?"

"Na haya. Za mu tashi."

"Kin san abin da kike faɗa? Mutumin nan shi ya rene ni."

"Na sani. Ya rene ka, yanzu kuma da hannunsa zai kai ka inda babanku ya tafi, yana yi yana jin daɗi. In na fitar da kwano, na kashe auren Yaya Nafisa. In ban fitar ba, na zauna ina kallonka. Ka zaɓar mini na uku in akwai."

"Kwana in ya ƙare ya ƙare, Halima."

"Haka ne. To ka je ka gaya wa Sani haka, ga shi can yana barci. Shekarunsa ɗaya da naka lokacin da aka ɗauko babanku daga gona."

Ya gama ɗaure takalminsa ya fita. Da yamma ya dawo ya ce akwai wani abokin aikinsa da ke da ɗaki biyu can ƙarshen Alsawra, inda ko wutar lantarki ba ta kai ba tukuna. Shi ya je ya gaya wa Baffa, ni ban san me suka ce wa juna ba, bai taɓa faɗa mini ba. Ranar da aka loda gadajenmu a mota, Baffa bai je kasuwa ba, bai kuma fito daga ɗaki ba. Yaya Nafisa ce ta rako mu har bakin layi da Maryam a hannunta, ta miƙo mini ita, ta matse hannuna ta koma da sauri. Da motar ta tashi sai muka ji muryarsa ta taga:

"Wanda ya ce abincina guba ne, kada ya ƙara sa hannu a siniyata!"

Wannan karon bai rantse da komai ba, amma ya riƙe maganar fiye da rantsuwa. Babanku yana zuwa gaishe shi kowace Juma'a, su zauna a ƙofar gida su sha shayi, su yi hirar kasuwa da gareji. In lokacin cin abinci ya yi sai Baffa ya dubi rana ya ce yamma ta yi, hanya da nisa. Na aika masa da abinci ya dawo da shi ba a buɗe ba. Na je da kaina na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Daktora, Allah ya ba da lada. Ina ta cewa a raina zai huce, bana ko baɗi, tunda jininsa lafiya lau akwai lokaci. A namu ɓangaren kuwa abubuwa suka fara daidaita. Babanku ya koma tafiya da ƙafa zuwa tashar mota, wani ɗan'uwana da ke aiki a Saudiyya ya fara aiko da maganin in ya sami mai zuwa, mugun kitsen ya sauka, bai taɓa komawa daidai ba amma ya sauka. Jarkar ruwa ta riƙa isa madafi ba tsayawa.

Ba a yi shekara biyar ba Baffa ya tafi sayen raguna, motarsu ta kife a hanyar Madani. Babanku ne ya yi masa wanka. Da ya dawo daga maƙabarta ya zauna a ƙofar tsohon gidan, aka fito da siniyar makoki, ya dube ta ya tashi ya koma gefe. Kun ga lokacin da ya daina dariya da ƙarfi, ku kuka ɗauka tsufa ne.

Ya wuce hamsin, ya wuce sittin, ya aurar da ku duka, ya yi wa jikoki huɗuba. A duk shekarun nan bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban nema ba. Sai a shekararsa ta ƙarshe, wata safiya ina ɓare masa ƙwayoyin magani a tafin hannu, ya riƙe su bai sha ba, yana kallon bango.

"Halima, kin ƙara mini shekaru, da yardar Allah. Kin kuma raba ni da Yaya. Har yau in na auna ban san wanne ya fi nauyi ba."

Na ji maganar har cikin ƙashina. Na so in yi kuka, na kuma so in kwaɗa masa kofin da ke hannuna.

"Kai ne ba ka sani ba," na ce. "Ni da za a bari da yara uku a takaba, na sani tun ranar. Sha maganinka, ruwan yana hucewa."

Ya sha.